Burkutuna a Gangar Bature

Shekara goma sha ɗaya ina dafa burkutu a gidan mijina kafin wani mahaluki ya tofar da giyata a gabana. Ranar da aka tofar ɗin kuwa giyar ba ta yi laifin komai ba. Mu uku ne muka yi, ni da maigida da ƙanensa, kuma in za a raba gaskiya nawa kason ya fi girma, ko da yake na daɗe ban yarda da haka ba.

Ƙauyenmu yana bayan Maska, wasu masu zuwa coci irinmu, wasu Musulmi, duk gonakinmu haɗe da juna. Muna da gonar dawa babba da maigida ya gada, ta fara daga tudu ta gangara har bakin rafi. Mutum biyu ba su nome ta, sai da gayya. Maigida zai je wurin sarkin gayya ya roƙi rana, a sanar da maza, kowa ya zo da hauyarsa tun da safe. Ba a biyan kowa. Musulmi a dama masu kunu, namu a ba su burkutu. Ana aiki har rana ta take tsaka, a zauna a ci tuwo a sha, sannan a koma har la'asar. To wannan komawar ita ce aikin. Da safe mutum don kunya yake noma, bayan ya sha ne yake yi da zuciya ɗaya, kuma a nan gona ke ƙarewa. Shi ya sa in an ce gobe gayyar wane ce, maza ba su tambayar faɗin gonar, tambayarsu ita ce wa ta dafa giyar. In aka ce ni ce, ba a sake aike. Da sunana ake nome gonar nan, maigida ya sani, ni ma na sani.

A shekarun da takin zamani ya fara shigo mana, ƙanen maigida ya samu aikin kuku a Funtua, gidan wani Bature da ya zo aikin noman gwamnati. Tun daga nan ya daina cin tuwo da hannu biyu, ya sayi babur, in ya zo gida sai labarin Masta, wato Baturen, Masta ya ce kaza, Masta ya yi kaza. Ni da shi akwai wasa, kamar yadda ake yi tsakanin mace da ƙanen miji, kuma ba na raga mashi.

Wata Asabar cikin damina, da yamma, sai ga shi ya shigo da wata gangar katako ɗaure a bayan babur, mai ciki, an zagaye ta da ƙarfe. Ya sauke ta ƙarƙashin bishiyar ɗorawa da ke tsakar gida, ya buɗe jaka ya fito da kwalba ɗaya baƙa, nannaɗe cikin takarda kamar jinjiri.

“Matar Yaya, kawo ƙoƙo uku. Yau za ki san abin da ake ce wa giya.”

Na ce, “Kai da aka yaye ka da ɗiɗɗigar tukunyata, kai ne za ka koya mani giya?”

“Ke dai kawo ƙoƙo. Masta zai koma ƙasarsu, shi ya ba ni, ita da gangar. Kwalba ɗaya ce ta rage a duniya.”

Ya tsiyaya mana kaɗan kaɗan kamar mai rabon magani. Na duba tawa. Ja ce mai duhu har ta kusa baƙi, kumfa ɗan kaɗan a gefe, kuma shiru take. Burkutu in yana da rai yana magana, ka kara kunne a bakin randa ka ji yana tsiss. Wannan ko uffan. Na ce a raina matacciya ce, na kurɓa don in samu abin yi mashi dariya.

Ɗaci ne ya fara zuwa, har na buɗe baki zan ce maganin shawara ya kawo mana. Sai ɗacin ya janye, wani zaƙi ya biyo baya irin na mazarƙwailar da ta ɗan kama gindin tukunya. Bayansa ƙamshin hayaƙi, bayansa na itace, kamar ka sa hanci cikin sabon turmi. Da na haɗiye, wani ɗumi ya bi maƙogwaro ya sauka a hankali ya zauna mani a ƙirji. Na jira ya tafi, ya ƙi. Na sha giyar kwalba a biki kafin ranar, ruwa ce mai ɗaci kawai. Wannan daban take, kuma na ji haushin da ta yi mani daɗi.

“Yaya?” in ji shi.

Na ce, “Ba laifi.”

Ya kwashe da dariya. “Yaya, dubi fuskarta! Ba laifi, amma ta lashe ƙoƙon.”

Sai ya shiga bayani. Wai akwai wata giya mai zafi ta Turawa, wuski, da ake ajiyewa shekaru a cikin ganga irin wannan har katakon ya sha. In an juye ta, sai a zuba giyar hatsi a ciki a toshe, ta yi watanni, ta tsotso ƙamshin. Ya cire toshiyar ya ce in shinshina. Na shinshina. Ƙamshin nan ne kuwa, yana can ƙasa, ya tsufa amma yana nan.

“Kin gani? Taki in ta kwana uku sai a ba aladu. Wannan ta fi wata shida, kuma ƙara daɗi take. Hatsi ne, hatsi ne. Bambancin kawai su sun san ganga.”

Na ce mashi burkutu ba a ajiye shi. Ranar da ya tashi ita ce ranarsa, washegari ma ya shawu, rana ta uku ta mashaya ce, ta huɗu kuwa gaskiyarsa, ta aladu ce. Haka uwata ta koya mani, haka tata uwar ta koya mata. Ya ce ai uwata ba ta taɓa ganin ganga ba. Maigida kuwa yana ta jujjuya ƙoƙonsa yana leƙa ciki. Da na san abin da ke ransa da na ɗauke ƙoƙon na buga mashi.

Washegari Lahadi, bayan an tashi daga coci, ina tsaye da mata sai wata ta dafa ni ta ce, “Ashe bana giyar Turawa za ki ba su?” Na ce wace giyar Turawa? Ta nuna mani da baki. Can na hango maigida a tsakiyar maza yana auna faɗin ganga da hannuwansa. Ranar gayyarmu ta noma na biyu saura sati uku, shi kuwa ya riga ya gaya wa kowa cewa burkutun bana daga gangar wuski zai fito.

Da muka koma gida na tare shi.

“Maigida, wa ya ce maka na yarda?”

“Ai kin ce ba laifi.”

“Giyar na ce ba laifi! Ban ce zan zuba tawa a akwatin gawa ba.”

“To yanzu in koma in ce masu ƙarya na yi? In ce matata ta ji tsoro?”

Ya san inda zai taɓa. Ba a taɓa cewa na ji tsoron tukunya ba. Ga kuma abin da ban faɗa mashi ba: tun jiya ɗumin nan bai bar mani rai ba. Ina so in ji maza sun kurɓi giyata sun yi shiru irin wanda na yi. Ina so labari ya kai kasuwar Funtua a ce akwai wata mace a bayan Maska da ta yi abin da Bature ke yi.

Damina ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa. Dawar da na ware don gayya tana ɗakina, daidai wadda za ta ba da tulu huɗu, bayanta sai ta tuwo, wadda ba a taɓawa. Na ce to bari in gwada da tulu ɗaya. Ƙanen maigida ya ce ba ya yiwuwa, Masta ya ce ganga sai an cika ta har baki, in iska ta samu wuri ta lalace. Gangar kuma tulu huɗu take ci cif. Ya hau babur ya koma Funtua ya bar ni da ita. Ba wanda ya tsaya a kaina da sanda. Ni da hannuna na jiƙa dawar duka.

Na jiƙa gangar da ruwa kwana biyu har katakon ya kumbura ya daina yoyo. Dawa ta tsira a ƙarƙashin ganye, na shanya, na niƙa, na dafa, na bar ta ta kwana, na sake dafawa, na tace, na zuba gami, wato ragowar tsohuwar giya da ke tayar da sabuwa. Ban taɓa yin burkutu mai kyau kamar wannan ba, Allah ya sani. Da ya tashi, ƙamshinsa har ƙofar gida. Na ɗanɗana ludayi ɗaya na tsaya riƙe da shi. Da a ce gayya ranar ce, da an nome har gonar maƙwabta. Amma saura sati biyu. Na ɗura shi a ganga, maigida ya buga toshiya da dutse.

Washegari da hantsi ina daka sai na ji tau! kamar an harba bindiga. Toshiyar ce ta tashi ta huda jinkar ɗaki, kumfa na ambaliya ƙasa, kaji na gudu. Giyar na neman numfashi mun rufe mata baki. Muka bari ta huce, maigida ya sake bugawa, ta sake tofowa. Sai a kwana na huɗu ta yi shiru, shi kuma ya ce, “Kin ji ko? Ta fara zama irin ta kwalbar.”

A kwana na shida na kara hancina a gefen toshiyar. Ba sai an gaya mani ba. Mai giya ta san warin nan kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta.

A nan ne nake jin haushin kaina fiye da kowa. Saura kwana takwas, burkutu kuwa kwana bakwai yake ci. Da na ɗauki ƙwarya na shiga gidan maƙwabciyata na ce ta taimake ni da dawa, da ta ba ni, na sani. Amma sai ta tambayi ina tawa, kuma kafin yamma duk ƙauye ya ji. Na zauna da ƙwaryar a cinya har na mayar da ita inda take. Ranar Asabar ƙanen maigida ya zo, na ja shi na ce ya shinshina. Ya ɗan ja da baya, sannan ya gyara murya.

“Haka take yi. Sai ta bi ta cikin tsami kafin ta fita wajen daɗi.”

“Ka taɓa gani da idonka?”

“Masta ya yi mani bayani.”

Na san ba a fita daga tsami. Shekara goma sha ɗaya ban ga giyar da ta shiga ta dawo ba. Amma na ce wataƙila ganga daban ce, wataƙila katakon ya san wani abu da yumɓu bai sani ba. Na riƙe maganarsa don ita ce mai sauƙin riƙewa, kwanakin suka wuce.

Ranar gayya maza suka cika gona fiye da kowace shekara. Har daga ƙauyuka biyu da ba a gayyata ba mutane suka zo, saboda labarin gangar. Makaɗi na kiɗa, ƙasa ta yi laushi don an yi ruwa shekaranjiya, kafin rana ta take tsaka sun gama gefen tudu tas. Aka kawo tuwo da kunu inuwar kuka, mutum biyu suka ɗauko gangar a kan sanduna kamar amarya, ana tafi. Ƙanen maigida na biye da farar riga da takalmi, ba hauya.

A al'adarmu mai giya ce ke fara sha a gaban kowa, don a ga ba ta sa komai ba, sannan ta miƙa wa sarkin gayya. Maigida ya cire toshiya. Ba ta yi ko tsit ba. Aka karkata gangar, abin ya zubo cikin ƙwaryata yana ja kamar miyar kuɓewa, da wata farar fata a sama. Maza fiye da talatin na kallona.

Na sha. Tsamin ya wuce na tsamiya, ya kama mani haƙora har kunnuwa, a bayansa kuma ga ƙamshin wuskin nan, ya shiga ɗin kuwa, amma ya koma warin ɗakin wankin ciwo a asibiti. Hawaye suka taru mani. Na haɗiye, na goge baki da gefen zane, ban yamutsa fuska ba. Sai na cika ƙwaryar na durƙusa na miƙa wa sarkin gayya. Har yau ban san me nake tsammani zai faru tsakanin hannuna da bakinsa ba.

Dattijo ne mai kunya, sa'an ubana. Ya kurɓa, kumatunsa suka cika, ya riƙe. Ya dube ni, ya dubi maigida. Ya yi ƙoƙari, na ga maƙogwaronsa ya motsa. Sannan ya juya gefe ya tofar a gindin kuka.

Wani daga baya ya ce, “Baba, yaya? Ka hango Ingila?”

Ya goge gemu ya ce, “’Yata, kada ki zubar. In jaki ya yi gyambo a wanke mashi da ita.”

Wurin ya fashe da dariya. Kowa ya ce sai ya ɗanɗana, kowa ya tofar, ƙasan kukar ta jiƙe da dawata. Suka juya kan kunun da na dama wa Musulmi, wanda bai fi na mutum goma ba, suka yi mashi rubdugu. Wani Malam maƙwabcinmu ya ɗaga ludayinsa sama don kada a ƙwace, yana cewa, “Shekara nawa ina yi maku nasiha ku bar giya kun ƙi? Ashe ganga ɗaya ta isa!”

Ƙanen maigida ya kurɓi nasa ya haɗiye da ƙyar, ido jawur, ya ce, “Da an ƙara mata sati biyu…”

Na miƙe tsaye. Na ce, “Kai, a gaban mutanen nan, gaya mani. Masta naka ya taɓa zuba giya a gangar nan?”

Ya soma gyara wuyan riga.

“Ina tambayarka!”

“A falo take,” in ji shi. “Rediyo yake ɗorawa a kai. Giyar a kwalba ake kawo mashi daga can.”

Aka sake wata dariyar, har makaɗi ya buga mata kiɗa. Ni ban yi dariya ba. Kafin in sami abin jifa ya riga ya kai wurin baburinsa.

Sarkin gayya ya tayar da su don kada a ce an gudu. Suka koma suka nome kunya biyu uku, ba waƙa, ba tsere. Sai wannan ya tuna akuyarsa ta ɓalle, wancan ya ce kansa na ciwo, baƙin nan kuwa ba su ma yi sallama ba. Kafin azahar ta wuce gona ta koma ni da maigida da dattijon. Duk gangaren har bakin rafi, inda ciyawa ta fi ƙarfi, ba a taɓa ba.

Ba mu iya sake kiran gayya ba. Ba dawar giya, kuma sauran ranakun duk an rabar wa wasu gidaje. Ni da maigida muka shiga da hauya biyu. Muna nome nan, ruwa na sauka, can na rufewa. Kwana goma sha bakwai muka yi, ba na yi mashi magana sai in ce miƙo ruwa. Wata rana ya tsaya ya dafa ƙugu ya ce, “Amma fa ƙamshin ya shiga.” Na ajiye hauyata na tafi gida na bar shi. Gefen rafin dai ya fi ƙarfinmu, ciyawa ta shanye dawar, da kaka zangarniyar wajen ba ta fi tafin hannu ba. Rumbu ɗaya bai cika ba a shekarar, kuma tun kafin ruwa ya sake sauka muka koma cin tuwo sau ɗaya a rana. Gangar na sa aka sare ta biyu, aladu suka ci abinci a ciki har ta ruɓe. Ƙanen maigida sai Kirsimeti ya sake leƙo mu, da sabulu da yadin zane. Na karɓa, ban ba shi wurin zama ba.

Da damina ta zagayo, maigida ya je roƙon rana. Ya dawo yana sosa ƙeya, ya ce sarkin gayya ya ba da rana, amma maza sun sa sharaɗi: sai dattijon ya zo da kansa ana gobe gayya ya ɗanɗana giyar, in ya yarda sannan su fito. Ba a taɓa yi wa wata mace haka ba a ƙauyenmu, ko amaryar da ta fara koyo. Na ce su riƙe hauyoyinsu. Maigida ya ce to, sai ya nuna mani gona da hannu. Na je na jiƙa dawa.

Dattijon ya zo da yamma ana gobe gayya. Na shimfiɗa mashi tabarma, na ɗebo daga randa, giyar na tsiss, na sha na miƙa mashi. Ya shanye, ya miƙo ƙwaryar na ƙara, ya sake shanyewa. Ya tashi ya ce, “A gaya wa maza su fito.” Suka fito, aka gama gonar har bakin rafi kafin la'asar.

Na ɗauka shi ke nan. Shekara mai zuwa ana gobe gayya sai na ji sallamarsa, da ƙwaryarsa ma a hannu. Haka ya riƙa yi mani shekara tara, har ƙafa ta hana shi fita, kuma gidana kaɗai. Wanda ya gaje shi ya tarar da abin ya zama al'ada, shi ma ya zo.